Adashen Gadi

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

An ɗaure rago a ƙofar maƙwabciyata Zuhura, matar Idrisa. Fari ne, mai ƙaho, da igiyarsa sabuwa. Mutanen unguwar da aka yi gobara suka kawo shi ɗazu, suna tambayar ɗakin Idrisa, jarumin pompiye, ɗan kashe gobarar da ya shiga wuta ya fito da tsohuwarsu makauniya. Ni suka fara tambaya, ina tsugune a bakin pompin bariki ina wanke zannuwan asibiti. Na nuna musu ƙofar da haɓa.

Idrisa ya fito, ya karɓi igiya da hannu biyu, ya ce, "Allah shi saka da alheri." Ko tari bai sarƙe shi ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda an hana ni faɗa da baki, kuma in ban zubar da shi wani wuri ba zai fasa mini ƙirji. Ranar Asabar ɗin da gidan mai sayar da man kwalba ya kama, Idrisa yana Bambeye yana girbin hatsinsa. Mijina, Baban Fiddausi, shi ya riƙe masa gadi. Shi ya sa rigar wutar Idrisa da hular ƙarfen Idrisa mai sunan Idrisa a goshi, don nasa kayan suna kulle a magaza, ɗakin ajiyar bariki, tunda a wurin manya hutu yake yi. Shi ya shiga hayaƙin, ya goyo tsohuwar, ya miƙa ta ta taga. Yana juyowa azarar ɗakin ta faɗo masa a ƙafar dama da wutarta.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Su da kansu adashe suke kiransa. Albashin pompiye ba ya ganin tsakiyar wata, wannan ko jaririn bariki ya sani. Saboda haka kowa da abin da yake taɓawa a gefe: mai gona, mai kabu-kabu, mai kiwon kaji. Ka riƙe mini gadi yau in je in duba shukata, in riƙe maka jibi ka hau babur ɗinka. Ba a gaya wa manya. In an kira suna da safe, wani ya amsa daga layin baya. Uwar adashen kuwa Sarjan Almoustapha ne, shi ya san wa ya zuba, wa ya kwasa.

Shi ne, a cikin ambilans, mijina Muktari yana kwance ƙashinsa a waje, ya sa aka tuɓe masa riga da wando da hula. Kafin su isa asibiti labari ya riga ya nuna: Muktari yana hutu, ya zo wucewa da silifas, zuciya ta ɗebe shi ya faɗa wuta ba wanda ya aike shi. Idrisa kuma aka buga masa waya ya baro gona.

Wanda ya ji ciwo a bakin aiki, hukuma ce ke ɗaukarsa ta kai Yamai, ta biya komai. Wanda ya ji ciwo da silifas, shi da matarsa.

Lokotoro, likitan da ke duba shi, ya ce ƙashin ya farfashe, naman ya ƙone, abin ya fi ƙarfin nan. Ya ce Yamai, kuma kada a daɗe. Sau biyu ya ce kada a daɗe.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko

Sarjan ya zo dubiya da ledar lemo. Ya ja ni baranda, ya sassauta murya kamar mai neman aure.

"Maman Fiddausi, ki yi hanƙuri. Mu duka 'yan uwa na. In maganar ga ta hita, ba Idrisa ɗai za ta ci ba, bariki duka za ta ci. Ki bari wata shi mutu. Albashi na sauka, kowa shi zuba nashi, mu kai shi Yamai da kanmu. Ni nib ba ki magana."

Na ce, "Sarjan, ƙahwar ta san ƙarshen wata?"

Ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi, ya ce ni dai ba ni rabo da barkwanci. Lemon na ba matar da ke jinyar ɗanta a gadon kusa.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Ragon ya kwana yana kuka. Ko shi ya san ba gidansu aka kai shi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Na kai keken ɗinkina kasuwa. Yau Tawa ta cika, mutanen ƙauye sun shigo da sabon hatsi, kowa fuska a sake. Dillalin ya juya keken, ya taka, ya taɓe baki, ya yi mini tayin wulaƙanci. Na sallama. Abin da ya ba ni ya ƙare a kantin magani kafin in kai gida. Allurai ne da ruwan wanke ciwo, ba su cika leda ba.

Shekarun da mutumin nan ya yi yana shiga rijiyoyin Adar yana fito da gawa da mai rai, yana kashe wutar daji har can bayan Tebaram da reshen itace in ruwan mota ya ƙare, yana dawowa gida idanu jajur, tari baƙi ƙirin, ban taɓa cewa ya bar aikin ba. Nakan ce ai in wani abu ya same shi akwai hukuma. Ashe hukumar ma sai an bar ta ta sani.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Na yi masa maganar. Na jira sai da aka gama wanke ciwon ya daina cizon zane, na ba shi fura ya sha, sannan na ce zan je wurin kapiten, shugaban bariki, in ya dawo daga Yamai.

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Balki, rad da kinka yi naƙudar Fiddausi, jini na zuba, wa yar riƙe min gadi har nik kai ki likita?"

Na ajiye ƙwaryar furar. Ya ci gaba.

"Rad da Baba yar rasu Barmu, wa yar riƙe min kwana ukku?"

Na ce, "Idrisa na. Na sani. Amma shi da ƙahwahunshi biyu yak koma gida."

"Korar shi za su yi. Ɗiya biyar gare shi, ga tsohuwa. Sauran kuma a hana su gona. Kina so a ce Muktari yat tona adashe? Da wane ido zan koma bariki?"

Na so in ce da wace ƙafa. Na haɗiye.

Ya ce, "In kinka tai, ban yahe miki ba." Ya juya fuskarsa bango.

Ina ƙaunar mutumin nan, Allah shaida. Amma yau da ina da ƙarfi da na shaƙe shi.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Zuhura ta aiko da tuwo da miyar kuka, har da nama. Na mayar da kwanon yadda ya zo, ko murfin ban ɗaga ba.

Ta biyo baya da kanta, ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen zane. "Yaya Balki, mi niy yi miki? Wallahi ba mu barci, ni da shi. Shi ko abinci ba ya ci."

Na ce, "To ku yanka rago ku ci."

Ta fashe da kuka ta tafi. Shekara shida muna raba gishiri da yarinyar nan ta kan katanga. Ni na yi mata wankan jego na uku da uwarta ba ta samu zuwa ba. Ban ji tausayinta ba. Na duba zuciyata da kyau, ban samu ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

An fara jin wari. Na ce na ɗakin ne.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Abin da ya faru yau ko a tatsuniya aka ba ni sai in ce an yi ƙari.

Tsohuwar da aka fitar daga wuta ta ji cewa akwai wani bawan Allah mai wucewa da ya ji ciwo ranar, ta ce sai an kawo ta ta gaishe shi. 'Yarta ta jawo ta da sanda har bakin gado. Ƙaramar mata ce, ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba, gefen kanta duk gashin ya babbake.

Ta ce, "Sannu, ɗana. Ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, Inna. Sannu da ƙoƙari."

Sai ta tsaya cak. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Sake magana."

Ya kawar da kai gefe.

"Kai na. Kai kag goye ni. Kai kac ce min, riƙe wuyana, Inna, kak ki saki. Ni ba ni gani, amma ba a yi min musun murya. Wancan da anka kai ni in gode mai, na ji shi, nic ce ma ɗiyata ba shi na ba, tac ce hayaƙi yar ruɗe ni."

Na riƙe ƙarfen gado. Na ce a raina, to ga Allah ya kawo mai faɗa, ba ni ba.

Baban Fiddausi ya buɗe baki ya ce, "A'a, Inna. Idrisa na. Ni daga waje nike."

'Yar ta yi ta ba da haƙuri, wai tsufa ne. Tsohuwar ba ta yi gardama ba. Ta shafa masa hannu ta ce, "Tau. Allah ya san wanda yag goye ni." Aka ja ta suka fita.



Litinin, 21 ga Oktoba, da safe

Kapiten ya dawo. A wurin ɗaga tuta ya sa aka fito da Idrisa gaban layi. Ina leƙe ta ramin zana. Ban ji duka ba, rabi da faransanci ne, amma na ji jarumta, na ji abin koyi, na ji za a nemar masa ƙarin galo, wato ƙarin girma. Aka yi tafi. Waɗanda suka tuɓe wa mijina riga a cikin mota su suka fi kowa ƙarfin tafi.

Idrisa yana tsaye ƙiƙam, kansa a sama kamar yadda aka koya musu. Ya rame, wannan gaskiya ne. Rigar tana lilo a jikinsa. Sai me? Rama ba ta warkar da ƙashin wani.

Daga nan kapiten ya ce a gaida Muktari, a kuma gaya wa kowa kada a ƙara shiga wuta ba kaya ba izini. Wato mijina ne misalin wauta.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Inna, uwar Baban Fiddausi, ta zo daga Barmu da ƙullin sassaƙe da wani mai ɗori da ta ce ya taɓa haɗa ƙafar raƙumi. Lokotoro ya kore su da kyakkyawan lafazi. Na ba ta labarin duka a ƙarƙashin bishiyar bedi, na ce ko ita zai ji maganarta.

Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ɗiyata, maganar maza ta. Ubanshi ma haka yake, in ya ba da baki ko wuƙa anka sa mai ba ya tashi. Ki yi hanƙuri."

Haƙuri. Sarjan haƙuri, Zuhura haƙuri, Inna haƙuri. An ce shi ne maganin zaman duniya. A kawo mini shi a kwalba in zuba a ciwon nan in gani.

Laraba, 23 ga Oktoba, da asuba

Zazzaɓi. Yana kiran sunayen 'yan gadinsu, yana cewa a ƙara ruwa, a ja tiyo baya.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Idrisa ya zo. Sai yau. Ya tsaya daga bakin ƙofa kamar mai bin bashi da kunya. Baban Fiddausi yana barci. Na fito na ja ƙofar.

Ya durƙusa har ƙasa. "Yaya, ki gahwarce ni. Na so in tai in hwaɗi, Sarjan yah hana, shi ma Muktari ya aiko min kar in kuskura. Na sa gonata kasuwa, wallahi, ba a samu mai saye ba tukuna."

Na ce, "Sarjan ya ɗaure maka ƙahwa? Ofishin kapiten ya hi Bambeye nisa?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Shiga ka ɗaga zanen ka gani. Shiga mana, jarumi. Ai kai ba ka tsoron komi, an hwaɗi gaban tuta."

Bai shiga ba. Ya share ido da hularsa ya tafi. Matan da ke zaune a baranda suna kallona kamar ni ce azzalumar. Su kalla.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Yatsun sun canza launi. Ba zan rubuta wane launi ba.

Lokotoro ya kira ni gefe. Mutumin kirki ne, ya gaji da ni, ni ma na gaji da fuskarsa. Ya ce, "Madam, mi kuke jira? Ni na yi abin da zan iya. In ya haura sama, ba maganar ƙahwa za mu yi ba kuma."

Na ce muna jiran ƙarshen wata.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Soja na, ko ba pompiye ba ne? Ina manyanshi?"

Na ce yana hutu ne abin ya faru. Da bakina na faɗa. Ni ma na zuba nawa a adashen.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan magariba

Fiddausi ta tambaye ni yaushe Baba zai dawo ya kai ta lakwal, makarantarsu, a babur kamar yadda ya saba. Na daka mata tsawa ta bar ni in ji da abin da ya dame ni. Ta kwanta ba ta ci tuwo ba. Laifin me ta yi?

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Albashi ya sauka.

Sarjan ya zo da abin da aka tara, a ƙulle cikin hankici. Tun daga yadda ya riƙe shi na san babu nauyi. Ya fara jero mini dalilai: an koma lakwal, kowa ya sayi littattafai da rigunan yara, mai kanti ya tare mutane a bakin banki, wane matarsa ta haihu, wane babur ɗinsa ya lalace. Duk gaskiya ne, na sani, ai ni ma matar pompiye ce. Abin da ke cikin hankicin ko man motar zuwa Yamai ba zai saya ba, balle aikin ƙashi.

Ya ce, "Mu ƙara wata guda, Maman Fiddausi. In Idrisa ya sai da gona..."

Na kwance hankicin na zube masa a kan takalmi. Na ce ya tsince, ya sayo lemo.

Ya ce, "Ke dai ki yi hattara. Bariki ba a zamanta da baki."

Na shiga ɗaki. Baban Fiddausi ido biyu, amma bai gane ni ba. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu.

Laraba, 30 ga Oktoba, da hantsi

Na je.

Laraba, bayan la'asar

Bari in rubuta.

Na sa mayafina na bikin suna, na ratsa tsakiyar fili a gaban 'yan gadi suna wanke jar mota. Duk suka tsaya da soso a hannu. Ba wanda ya tare ni, ba wanda ya gaishe ni.

Kapiten yaro ne a kan Sarjan, ba ɗan nan ba ne, Hausarsa da ɗan tsami. Ya ba ni kujera. Na ƙi zama. Na faɗa masa tun daga girbin Bambeye har zuwa silifas, ban rage ba, ban ƙara ba. Ban yi kuka ba, don na rantse ba zan yi a gabansu ba.

Ya aika a kawo kayan wutar Idrisa daga magaza. Aka daɗe. Da aka kawo, wandon ƙafar dama a ƙone yake har gwiwa, an tsarge shi da almakashi, jinin ya bushe ya yi baƙi. Ya sa aka kira Idrisa, ya ce ya naɗe wandonsa. Ƙafa sumul, sai kaikayin gona.

Idrisa ya ce, "Gaskiya ta, mon kapiten." Kamar wanda aka sauke wa kaya.

Na zaci zan ji daɗi. Sai kapiten ya juyo ya ce mini, "Madam, don me ba ki zo tun ranar farko ba? Ko ba ni nan, akwai waya. Da ya kwana Yamai ranar."

Don me. Na tsaya ina kallon bakinsa. Wai don me.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da safe

Idrisa da Sarjan suna kulle. An ce daga yau kiran suna da ganin fuska ne, safe da yamma, kuma wanda aka kama ya riƙe wa wani gadi ya tuɓe kaki. Babura suna jingine a gindin katanga. Adashe ya watse.

Na je pompi, mata suka kwashe bokitansu suka ba ni wuri, ba don girmamawa ba. Wata daga baya ta ce, ba da ni take ba wai, "Mutum shi ƙone rumbun gari don shi gasa masararshi." Na juya na ce wadda ta haifu ta faɗa a gabana. Ba wadda ta haifu.

An zuba ruwan wanke-wanke a ƙofata. An hana yara wasa da Fiddausi. Ƙofar Zuhura a rufe, ina jin kukan ƙaramin ta bango.

Ban ce ba su da gaskiya ba. Wake yana gona, dawa ba a yanke ba, kuma an kusa sakin dabbobi. Na san abin da na taɓa. Amma gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, su 'yan kashe gobara, suka tsaya shafa wa nasu ruwa har ya cinye.

Alhamis, bayan azahar

Zazzaɓin ya ɗan sauka, ya dawo hayyacinsa. Wani ya riga ni gaya masa, ban san wa ba.

Na kawo kunu. Ya ce, "Kin tai."

Na ce, "Na tai."

Bai karɓi kofin ba. Inna ce ta ba shi ya sha.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan isha, Yamai

Komai da aka ce ba ya yiwuwa ya yiwu cikin yini ɗaya. Mota, mai, ma'aikacin jinya, izini. Ashe duk suna nan ajiye, a bayan ƙofar da na wuce ta kullum ina zuwa pompi.

Ba ɗan gadinsu ko ɗaya da ya zo ɗaukar gadon, sai da kapiten ya ba da oda. Suka ɗauka ba su dube ni ba. Shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa su yafe masa. Su yafe masa!

Na bar Fiddausi wurin Inna. Tun daga Tawa har Ƙonni, har Dutsi, har Doso, fuskarsa tana jikin motar. Duk ramin da muka faɗa sai ya ciji leɓe, in na kai hannu ya janye. Ban taɓa zuwa Yamai ba. Ban ga komai ba sai ƙeyarsa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Babban lokotoron ƙashi ya buɗe, ya duba, ya rufe. Ya tambayi ranar da abin ya faru. Da na faɗa, ya sake tambaya, yana zaton bai ji daidai ba.

Ya ce da mako biyu baya ne. Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

Ya yi mini bayanin abin da za su yi don a tsira da ran. Ya nuna wurin da gefen hannunsa, ƙasa da gwiwa kaɗan. Aka ce in sa hannu. Na sa.

Asabar, bayan la'asar

Sun shiga da shi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da safe

Da na je ranar farko. Da na je ranar da tsohuwa ta zo. Da na je ranar tuta. Ina tsoron kada ya ce bai yafe ba, ga shi na je, bai yafe ba, kuma

Ba zan rubuta ba.

Allah ya isa tsakanina da Sarjan. Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya yi tafi. Allah ya isa tsakanina da albashin da ke sa namiji ya bar gadi ya tafi girbi. Nawa kason kuma na san inda zan ajiye shi.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Ya farka sosai yau. Zazzaɓin ya tafi, idanunsa sun washe, rabon da in gan su haka tun Tawa. An ce ran ya tsira. An ce hukuma za ta biya komai, har ƙafar roba in lokaci ya yi, kuma za a ba shi aikin zama a ofis. Ma'aikacin jinyar yana faɗa yana murmushi, yana jira in yi godiya. Na yi.

Baban Fiddausi ya ɗaga kai ya dubi zanen, inda ya tashi da inda ya kwanta. Ya daɗe yana kallo. Na matso. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, na shirya ya ce in tafi gidanmu.

Ya ce, "Balki."

Na ce, "Na'am."

"Sun saki Idrisa?"

Na ce ban sani ba.

"Ki bugo ma wani. Wakenshi na gona, dabbobi za su shiga."

Na ce to. Na tashi kamar zan nemo waya, na buɗe jakar da na haɗo tun gida. A ƙasanta takalmansa ne na Juma'a, na goge su da kaina na naɗe a zane, don ranar da za a sallame mu ya taka ya fita. Na ajiye na hagu a ƙarƙashin gado. Na dama yana kan cinyata har yanzu, ban san inda ake kai shi ba.